Gashin Zubaida da Jan Haske

Talata, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Sun ɗauke ta! Amatullahi za ta Maroko! Takarda ta zo ta cikin waya, da hatimi da komai. Na sa ta karanta mini sau uku, na huɗu na karanta da kaina, wuri biyu kawai na tsaya.

Af, Bismillahi. Ga shi na fara babu ko sallama. Da Mushe Abdulƙarim, wanda ya koya mana karatu a makarantar yamma ta manya, zai ga shafin nan, da ya ce, "Haladu, kwanan wata tukuna, sannan suna, sannan magana." To, ni ne Haladu, manomi a ƙasar Hawandawaki, shekarata saba'in da ɗaya. Ban riƙa bik, alƙalamin boko, ba sai da na kai hamsin da takwas. Yau jikata, ɗiyar ɗana Yusha'u, wadda ta gama jami'a a Maradi, an ba ta burs, wato kuɗin karatu, ta je ta ƙaro ilimin fizik. Tafiya ran biyar ga Oktoba.

Na ce mata, "Amarya, haka za ki tafi ki bar mijinki tsoho?" Wasanmu ke nan tun tana rarrafe.

Ta ce, "Angona, in kana kishi ka ci jarrabawa ka biyo ni."

Layukan nan duk sun karkace. Ba zan gyara rubutun ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan azahar

Na ga abin da ban taɓa gani ba, kuma a zaurena.

Na matsa mata ta nuna mini abin da take karantawa, don mutane suna tambayata, ni kuwa ba ni da amsa. Ta rataya tabarma a ƙofa zaure ya yi duhu, ta kafa farar rigata a bango. Ta fito da ƴar tocila kamar bik, wai lazer, haskenta ja, tsininsa kamar na allura. Ta ce kada a haska ma kowa a ido. Sai ta ce tana son gashi ɗaya, dogo, miƙaƙƙe. Kaina a aske yake, gemuna kuwa ta ce ya cika murɗewa kamar halina.

Daidai nan Zubaida ta yi sallama da ƙwaryar nono. Ɗiyar Bello ce, abokina Bafillace na ruga, wanda muke tare shekara arba'in. Tare suka yi ƙuruciya da Amatullahi. Ni ne na ce, "Zubaida, ara mana gashi ɗaya." Ni na faɗa. Ta yi dariya ta cire daga ƙarƙashin ɗankwali ta ce, "Baba Haladu, in ya haihu ɗan nawa ne."

Amatullahi ta huda kwalin sukari, ta liƙa gashin a tsaye tsakiyar hudar, ta haska. Na zaci zan ga jan ɗigo da inuwar gashi a tsakiya. Ina! Sai hasken ya baje hagu da dama a jere: haske, duhu, haske, duhu, kamar kunyoyin gona. Kuma tsakiyar, inda ya kamata inuwa ta kwanta, nan ya fi haske.

Ta ce haske yana tafiya kamar igiyar ruwa a tafki. Ya bi ta gefen gashi na hagu da na dama, su haɗu a gaba. Inda tudu ya gamu da tudu sai haske, inda tudu ya gamu da kwari sai su kashe juna. Na ce na gane. Ta ce, "Tsaya, ba ka gane ba tukuna." Wai a ɗakin gwaji, in aka rage hasken ƙwarai, ba ya isa bango kamar ruwa. Ƙwaya-ƙwaya yake sauka kamar gero, ɗaya bayan ɗaya. In suka taru da yawa, kunyoyin nan dai suke fitarwa.

Na ce, "To ƙwaya guda ta wane gefe ta bi?"

Ta ce, "In ka sa abin da zai gane maka gefen da ta bi, kunyoyin ɓacewa suke yi."

Na zauna ƙasa. Zubaida ta ce haskenmu ya fi amaryar Fulani kunya, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Bayan haka Amatullahi ta gaya mini ainihin abin da za ta je karantawa: ƙwayoyin haske biyu da aka haifa tare, suka sarƙe da juna, ko an raba su ɗaya Tasawa ɗaya Makka, in aka auna wannan aka auna waccan, amsarsu tana dacewa. Ta yi bayani mai tsawo bayan wannan, amma kaina ya riga ya cika.

Ta auna tazarar kunyoyin, ta yi lissafi, ta gaya mini kaurin gashin. Gashi fa! Da ta fita na ɗauki kwalin na sa a cikin kayen nan da nake rubutu a ciki don tunawa. Na rubuta a jikinsa yadda aka koya mana: kwanan wata, Zubaida ɗiyar Bello, da lambar kaurin, na kuma zana kunyoyin a ƙasa.

Juma'a, 5 ga Satumba, da yamma

Bayan an sauko Juma'a na ɗan yi wa mutane bayani a bakin masallaci. Sun taru sosai. Isiyaku mai gyaran babur ya ce, "Malam Haladu ya zama farfesa da aji biyu na makarantar yamma." Ban kula shi ba. Na faɗi na gashin, na faɗi na ƙwayoyin. Na ji daɗin yadda suka yi shiru.

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Nono bai zo ba yau.

Talata, 9 ga Satumba, bayan magariba

Zubaida ba lafiya. Zazzaɓi da ciwon kai, tun Asabar. Damina ce, kowane gida da mai kwance. Allah ya ba ta lafiya.

Alhamis, 11 ga Satumba, da safe

Inna Kadijatu, uwar Zubaida, ta zo tun rana ba ta yi zafi ba. Ba ta karɓi tabarma ba. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, a ba ta gashin ɗiyarta kawai. Ta ce yarinya tana kama kai tana cewa ana ja mata.

Amatullahi ta ce, "Wallahi Inna, a nan na bar shi kan tabarma. Wataƙila an share." Ta duba zaure, ta duba bola, ta juyo ta ce, "Angona, ba ka gani ba?"

Kayen yana aljihuna. Na tuna abin da ke jikin kwalin: gashin mace, da sunanta, da sunan ubanta, da lambobi, da zane. Na tuna abin da kowa a ƙasar nan zai kira irin wannan takarda.

Na ce ban gani ba.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan azahar

Amatullahi ta je ɗibar ruwa ta dawo da bokiti babu komai. Mata sun janye ƴaƴansu. Wata ta ɗaure ɗankwalinta tamau a gabanta. An faɗi wata kalma. Ba zan rubuta ta a kayena ba.

Yusha'u ya karɓi fasfo ɗinta ya kulle a akwatin ƙarfe. Ya ce, "Baba, in ta tafi yarinyar can tana kwance, cewa za a yi gudu ta yi. Ba inda za ta sai an wanke sunan gidan nan." Na ce to in ranar tafiya ta wuce fa? Ya ce sai ta wuce.

Ya ce, "Mi ka faɗa a masallaci, Baba?"

Na ce bayani kaɗan ne.

Lahadi, 14 ga Satumba

Saura kwana ashirin da ɗaya. Zazzaɓin bai sauka ba.

Talata, 16 ga Satumba, bayan la'asar

An ɗauki Zubaida a amalanke zuwa bakin hanya, daga can mota zuwa gidan likita na Tasawa. Bello ya wuce ta ƙofar gidana. Ina zaune. Bai waiwayo ba.

Amatullahi ta same ni ina gyaran ƙotar hauya wadda ba ta lalace ba. Ta ce an maimaita mata maganata ta masallaci, tana son ta ji daga bakina. Na faɗa. Cewa na yi, jikata ta san ilimin da za a taɓa abu a nan, ɗan'uwansa ya ji a can, ko da yana Makka.

Ta riƙe kai. Ta ce, "Ban ce haka ba. Ban taɓa cewa haka ba."

Ta sake yin bayanin da ban saurara ba rannan. Yau na saurara, zan rubuta yadda ta faɗa. Ƙwayoyin nan biyu, mai aunawa ba shi ke zaɓen amsar da za ta fito ba. Na Tasawa yana ganin amsa barkatai, na Makka ma barkatai. Sai sun haɗa takardunsu sannan su ga sun dace, dacewar da ta wuce a ce shiri ƙwayoyin suka yi tun daga gida. Wannan shi ne abin mamakin, kuma an gwada an sake gwadawa. Amma ba ka iya aika ko sannu ta wannan hanya. Ba ka iya tsungulin wannan waccan ta ji. Kuma sarƙewar ba ta da ƙwari, abu kaɗan ya taɓa su ta warware, shi ya sa ake wahala kafin a riƙe ta a ɗakin gwaji. Gashi da mai gashi kuwa babu wannan a tsakaninsu sam.

Na ce, "To mi ya sa amsar take dacewa?"

Ta ce lissafin an san shi, yana fita daidai kullum, amma ma'anarsa har yau manyan malamai ba su yi baki ɗaya ba.

Malamai ba su sani ba! Ni kuwa na tsaya a bakin masallaci na bayyana shi cikin numfashi guda.

Alhamis, 18 ga Satumba, da hantsi

Ɗiyata Safi ta kira daga garin Sarkin Hausa, inda take aure. Maganar ta kai can. A can cewa ake yi gashin mata bakwai ne, kuma bangon zaurena ya yi jini. Amatullahi tana kusa, ta ji. Ta ce, "Wannan kam waya ce ta kai shi, Tsoho, ba fizik ba." Ba ta yi dariya ba. Tun ran Talata ba ta ce mini Angona ba.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Na je gona da kwalin da ashana. Gero ya fi tsayina, ba mai ganina. Na ƙyasta.

Ban iya ba. Abin da ya tsai da ni shi nake kunyar rubutawa. Tunani ne ya zo mini: in na ƙona, ta ji zafin a Tasawa fa?

Ni da na je makaranta. Ni da aka yi wa bayani sau biyu. Ashe abin da nake jin haushin matan bakin rijiya a kansa yana kwance a cikina.

Na maido shi cikin kaye.

Asabar, 20 ga Satumba

Saura sha biyar. Amatullahi ba ta ci abinci ba. Ni ma.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan azahar

Na ce wa Amatullahi, "A ce, misali, gashin nan ya fito. A ce an mayar, yarinya ta warke."

Ta ce, "Sai su ce ga shi nan, da ma shi ne."  Ta dube ni har na kau da ido. Ta ce, "Tsoho, miƙo mini kayenka."

Na miƙa.

Ta daɗe tana kallon kwalin. Ta karanta sunan, ta karanta lambar. Ta ce, "Ka manta da birgil, waƙafin tsakiyar lamba. Yadda ka rubuta, gashin ya kai kaurin igiyar guga."  Sannan ta ce, "Kwana goma sha ɗaya. Ina tsaye gaban Inna Kadijatu ina rantsuwa, yana aljihunka."

Na ce tsoro na ji kada a ce ke ce.

Ta ce, "Ai an ce."

Ta ajiye kayen a gabana ta fita. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Talata, 23 ga Satumba, bayan magariba

Na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Tasawa tun da asuba ta waye, yashi ya kayar da mu sau ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Na ƙudura ko me za a ce, uwa ta roƙi gashin ɗiyarta, a ba ta.

Na iske Zubaida zaune tana shan kunu. Zaune! Ta rame, idonta ya faɗa, amma ta ce, "Baba Haladu, ina kwana? Ya haihu?" Tun ran Lahadi zazzaɓin ya sauka. Ma'aikacin likita ya ce taifod ce, ya nuna mini wasu uku daga rugarsu a ɗaki na gaba, duk ruwan tafki ɗaya suka sha. Su ba wanda ya karɓi gashinsu.

Zan iya juyowa da abina a aljihu. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba.

Na sami Bello a gindin itacen bedi a harabar. Na buɗe kaye na ba shi kwalin. Ba ya karatun boko, sai na karanta masa duk abin da na rubuta, har sunansa. Na ce jikata ba ta sani ba sai jiya. Na ce ni na roƙa, ni na ɓoye, ni na yi ƙarya, ni na ɓata bayanin.

Shekara arba'in Kaɗo yake kirana, ni in ce masa ɗan daji. Yau cewa ya yi, "Malam Haladu." Ya juya kwalin gaba da baya. Ya ce, "Ran Lahadi yana ina?"

Na ce aljihuna.

"Ran da ta fi jin jiki fa?"

Na ce aljihuna.

Ya sa shi a cikin hularsa. Ya ce, "Matata kwana goma ba ta rintsa ba."  

Juma'a, 26 ga Satumba, da yamma

Na tsaya a daidai inda na tsaya rannan. Na ce jama'a, abin da na gaya muku kuskure ne, kuma gashin ni na ɓoye shi. Na yi ƙoƙarin faɗin bayanin na gaskiya, na ruɗe a tsakiya, Makka ta koma Tasawa. Isiyaku ya ce, "Farfesa, ka dawo da mu tashar farko." Wasu sun yi dariya. Wasu ba su yi ba. Wani daga baya ya ce tsoho yana ɗaukar laifin jika ne.

 Da muka shiga gida na ce wa Yusha'u akwatin fa? Ya ce, "Ka ji abin da na baya ya ce, Baba."

Saura tara.

Litinin, 29 ga Satumba

An sallami Zubaida. Akwati a kulle. Amatullahi ta kawo mini ruwan alwala ta ajiye ta juya.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Bello ya zo!

Da hantsi, da sandarsa, Zubaida a bayansa tana tafiya a hankali. Bai gaishe ni ba. Amatullahi ya kira. Ya kwance bakin rigarsa ya fito da abu uku: gashin wutsiyar saniya, da zaren buhu, da silin wayar burki da ya roƙa wurin Isiyaku. Ya ce, "Ɗiyata, in abin naki na haske ne ba na mutum ba, yi shi da waɗannan. Waya dai ba ta da uwa."

Ta rataya tabarma. Sau biyu gashin yana zamewa, sai Zubaida ta riƙe mata kwalin.

Kunyoyin suka fito. Da gashin saniya sun matsu da juna. Da wayar sun fito. Zaren buhu ya yi gardama saboda faɗinsa, sai da ta tsaga shi. Bello ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa rigata. Ya ce mi ya sa na saniya suka matse? Ta ce abin da ya fi kauri kunyoyinsa sun fi matsewa, siriri kuwa bajewa suke yi. Zubaida ta ce, "To nawa rannan sun fi waɗannan faɗi, a rubuta." Bello ya tsinke gashi daga gemunsa ya ce a gwada. Nasa ya kusa kama na saniyar. Zubaida ta yi dariya har tari ya kama ta.

Ban san lokacin da Yusha'u ya shigo ba. Yana jingine da bango. Bello ya juya ya ce, "Yusha'u, ɗiyata ruwa ya kayar da ita, allura ta tashe ta. Ubanka wawanci ya yi, tsakanina da shi ne. Ita wannan mi ta yi?"

Yusha'u ya fita. Na ji ƙarar kwaɗon akwati. Ya dawo ya ajiye fasfo a kan tabarma gaban ɗiyarsa, ya ce, "Amma ba za ki tafi a ɓoye ba. Gari ya gani tukuna."

Bello ya ce shi zai riƙe tocilar.

Inna Kadijatu ba ta zo ba, kuma ba ta aiko da gaisuwa ba. Tana da gaskiya.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da safe

Amatullahi ta ce in zan sake buɗe baki a bakin masallaci, in rubuta tukuna ta duba. Ta duba, ta soke layi biyu inda na fara bayani. Ta ce bayani nata ne, nawa kira. Ga abin da ya rage, gobe zan karanta shi da ƙarfi:

Jama'a, ni Haladu ina kiranku zaurena yau bayan an sauko Juma'a. Maza su fara, mata su biyo da la'asar, goma-goma, don zauren ƙarami ne. Jikata za ta tafi jibi, kafin ta tafi za ta nuna muku abin da haske yake yi in ya gamu da gashi. Wanda ya yi magana a bakin rijiya ya zo, wanda ya yi a bayan sahu ya zo, ba za a tambayi kowa ba. Ni ba zan ce uffan ba. Kowa ya zo da gashinsa, ko na akuyarsa in yana tsoro, kuma kowa zai koma gida da abinsa a hannu. Ku zo ku gani!